Shimiyo a Yamai, jinyarsa a Sanam

Tun 2007 gwamnatin Nijar ta ce maganin kansar nono da ta mahaifa kyauta ne ga mata, kuma a 2021 aka buɗe sashen gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, a Yamai. To, madalla. Amma mu nan Kurfai abin da muke gani shi ne, a Yamai ake ɗaura wa mara lafiya ruwan magani, wahalarsa kuwa sai ya dawo gida take bayyana.

Maganin nan da ma'aikatan asibiti ke kira shimiyo, galibi bayan mako uku-uku ake sa shi. Ba kansa kaɗai yake bugu ba. Yana kawo amai, zawo, gyambon baki, gashi ya zube. Dangi na ganin haka sai a ce maganin Nasara zai kashe ta, ko kuma jifa ne, a hana ta komawa. Gashi dai yana sake tsirowa. Amai kuma yana da maganinsa, a tambaya tun kafin a baro Yamai, a sha kan lokaci, ba sai ya taso ba. Zawo a bi shi da ruwan gishiri da sukari. Nonon fura a dafa shi tukuna.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne masassara. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa, ƙwayoyin jini masu kare jiki suna raguwa ƙwarai. Idan zafin jiki ya kai 38 a lokacin, ba a jiran gobe. Mu kuwa mun saba, kowace masassara ta sauro ce, a sayi farasitamol wurin mai tebur a kwanta. Farasitamol rufe zafin kawai yake yi, cutar na ci a ciki. Ga hanyar Filinge da nisa, ga rashin tsaro, dare ya yi ba mai fita.

Shi ya sa muke ganin bai kamata a sallami kowa daga Yamai ba sai da takarda zuwa ga majo na CSI, mai ɗauke da sunan maganin, ranar da aka sa shi, da lambar da za a kira.

Ku kuma 'yan uwa na Kwatano, Lome, Abijan da Libiya, in za ku turo kuɗi ta Nita ko Amana, ku tambayi ranar komawa asibiti. Ku ware na mota daban, na maganin amai daban, ku sa a sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye a ɗakinta.