Wushiryar da Waya ta Rufe

Shekara shida ke nan da na raka ɗiyar yayata wurin likitan haƙori. A lokacin shekararta 15. Haƙoranta na sama sun turo waje, leɓɓanta ba sa haɗuwa sai ta matse su da gangan, in ta matse kuma haɓarta ta yamutse. 'Yan ajinsu sun sa ta a gaba da tsokana har ta koyi yin dariya da hannu a baki. Likita ya ɗauki hoton ƙashin kanta ta gefe, ya ja layuka a kai, ya auna, ya ce za a cire ƙananan turame huɗu na bayan fiƙa, a sa waya a ja haƙoran gaba baya. Na tambayi kuɗi, na tambayi tsawon lokaci, na tambayi zafi. Duk cikin tambayoyin nan babu wadda ta shafi fuskarta.

Wata 22 wayar ta yi a bakinta. Aikin ya yi kyau, wannan ba abin musu ba ne: leɓɓa suka haɗu ba wahala, haɓa ta saki, yarinya ta sauke hannunta daga baki. Amma ranar da muka kai ta gaida kakarta, Hajiya ta tallabo haɓarta, ta juya fuskar dama da hagu, ta ce, "Yi murmushi in gani." Ta yi. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Kai da ka raka ta, ina wushiryar?"

Wushiryar nan Hajiya ce ta shigo da ita gidanmu, ta ba Yaya, Yaya ta ba 'yarta. A wurinmu ado ce, ana lissafa ta cikin kyan mace kamar yadda ake lissafa dogon wuya da fararen idanu. A littafin likita kuwa tazara ce tsakanin haƙora biyu, kuma tazara rufe ta ake yi.

Tambayar Hajiya ce ta tura ni karatun tarihin wannan sana'a, sai na tarar masu ita sun fi shekara ɗari suna gardama a kan fuska.

Edward Angle, wanda aka haifa a 1855, shi ake kira uban gyaran jerin haƙori na zamani. A 1899 ya raba karkacewar haƙori gida uku gwargwadon yadda turmin sama ke zama a kan na ƙasa, rabon da likitoci ke aiki da shi har gobe. A 1900 ya buɗe makaranta a St. Louis ta Amurka. Aƙidarsa ita ce kada a cire haƙori ko ɗaya: kowane baki zai iya ɗaukar duka 32, in aka jera su daidai fuska za ta daidaita da kanta. Fuskar da yake auna kyau da ita kuwa ta wani mutum-mutumin marmara ce, Apollo Belvedere, wanda ke fadar Paparoma a Roma. Wani malamin zane da yake shawara da shi, Edmund Wuerpel, ya nuna masa cewa ba a auna fuskokin 'yan Adam duka da fuska ɗaya. Ni dai a ganina, a duk tarihin nan babu wanda ya faɗi magana mai nauyin ta mai zanen nan.

Calvin Case na Shikago ya ja da Angle, ya ce akwai bakin da in ba a rage haƙori ba sai leɓɓa su ƙara turowa. A 1911 aka yi muhawara mai zafi tsakaninsa da Martin Dewey, almajirin Angle. Ɓangaren Angle ya rinjaya, cire haƙori ya zama abin kunya a sana'ar.

Wanda ya karya wannan aƙida ɗan gida ne. Charles Tweed na jihar Arizona almajirin Angle ne na kusa, kuma ya bi koyarwar malaminsa sau da ƙafa. Bayan rasuwar Angle a 1930, ya waiwayi waɗanda ya yi wa aiki, abin da ya gani bai yi masa daɗi ba: da yawa bakinsu ya cika ya turo gaba, da yawa kuma haƙoran sun koma gidan jiya. Ya kira su ya sake aikin, wannan karon da cire ƙananan turame huɗu, kuma a 1940 ya baje sakamakon mutum 100 a gaban takwarorinsa. An zarge shi da cin amanar malaminsa. Ina ganin girman mutumin nan, don ba kowa ke iya duban aikin hannunsa na shekaru ya ce na yi kuskure ba.

Sai dai da aka karɓi ra'ayinsa, sai aka zarce. William Proffit ya bi bayanan asibitin Jami'ar Karolina ta Arewa, ya tarar a 1953 kashi 30 cikin 100 na masu sa waya ake cire wa haƙori, a 1968 suka kai kashi 76, zuwa 1993 suka sauko 28. Bakunan mutane ba su sauya a shekara 40 ba. Abin da ya sauya shi ne irin fuskar da likitoci ke ganin kyanta, da irin kayan aikin da ke hannunsu.

Yadda waya ke taɓa fuska ba shi da wuyar ganewa. Leɓe a kan haƙoran gaba yake jingine, kamar labule a kan sanda. Waya tana danna haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa ya narke, sabo ya tsiro a bayansa, ya matsa kamar milimita ɗaya a wata. In haƙoran gaba suka ja baya, leɓe ya bi su, amma ba daidai wa daida ba: leɓe mai kauri ba ya bi sosai, siriri ya fi saurin faɗawa. Da leɓe ya koma, hanci da haɓa sai su ƙara fitowa a ido ko da ba a taɓa su ba. Iyakar waya kuma ke nan. Ba ta ƙara wa baligi tsawon muƙamuƙi, wannan aikin tiyata ne. A yaro mai tasowa ne ake iya ɗan karkata girman ƙashi, shi ya sa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ke cewa a kai yaro a duba shi tun yana shekara 7.

Layukan da likita ya ja a hoton ɗiyarmu su ma suna da asali. Auna kai ta hoton ƙashi ya fara ne a 1931, da Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus. Daga baya Robert Ricketts ya zo da layin da ake ja daga tsinin hanci zuwa haɓa, ya ce leɓen sama ya tsaya kamar milimita 4 a bayansa, na ƙasa kamar 2. A fuskokin Turawa aka ɗauki wannan awo. Awon da aka yi a kan baƙaƙen fata, har da 'yan Najeriya, ya nuna haƙoranmu da leɓɓanmu sun fi nasu fitowa gaba, kuma haka halittar take, ba ciwo ba ne. Likitan da ya ɗora layin Ricketts a fuskar Bahaushiya ya bi shi ido rufe zai ga lahani inda babu.

Ba na ce likitanmu ya yi haka ba. Turowar haƙoran yarinyar nan ta gaske ce, kuma cirewar ta yi mata amfani. Abin da ya ɓace tsakaninmu magana ce ta minti biyu. Shi bai tambaya me muke so a bari ba, ni kuma na ɗauka gyara ba ya taɓa abin da ba a kai ƙararsa ba. Mu da muke sa haƙorin Makka, iyayenmu mata suka rina nasu da fure, mun san haƙori ado ne, amma gaban likita sai na yi shiru kamar ba ni da ta cewa a fuskar 'yar gidanmu. Ita ma da na tambaye ta daga baya cewa ta yi, "Kawu, ai ban san ana iya bari ba."

Bara ƙanwarta ta isa sa waya. Kafin a taɓa komai na roƙi likita ya nuna mana hotonta ta gefe, ya faɗa mana inda leɓenta zai koma in an cire, da inda zai tsaya in ba a cire ba, da tsawon lokacin da za ta riƙa sa abin riƙe haƙori bayan an gama. Sannan na ce da ita ta faɗi abin da take so da bakinta. Ta ce a gyara mata na gefe da suka hau juna, a bar mata wushiryarta. Likita ya sake duba hoton, ya ce babu abin da zai hana, ya rubuta a katinta.