Agogon Wa Ya Hana Mu Tuwon Dare?

Wani dare a shirina na rediyo, wata uwar gida ta bugo waya daga Maraɗi cikin damuwa. An turo mata saƙo a WhatsApp cewa duk wanda ya ci abinci bayan ƙarfe 6 na yamma yana haƙa kabarinsa da cokali. Ta ce, "Malam, mai gidana sai bayan isha'i yake dawowa daga kasuwa. Kashe shi nake yi ke nan?" Tun daga ranar nake jin haushin masu yaɗa wannan doka.

Ƙarfe 6 ɗin nan na wace ƙasa ce? A Oslo, babban birnin Norway, rana kan faɗi kafin ƙarfe 3 da rabi a watan Disamba, kuma mutanen can kan ci babban abincinsu wajen ƙarfe 4 zuwa 5. Sanyi da duhu da lokacin tashi daga aiki ne suka tsara musu haka. A Damagaram kuwa, cikin watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Wanda ya ce mace ta hura icce ta tuƙa tuwo da la'asar a irin wannan rana, bai taɓa tsayawa gaban murhu ba. Ko an dafa, wa ke da marmarin ci kafin iska ta huce?

Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba. A Sifen sai ƙarfe 9 ko 10 ake zaman cin abincin dare, kuma suna cikin mutanen da suka fi tsawon rai a duniya. Agogon nasu ma gyararre ne: a 1940 gwamnatin Franco ta tura shi gaba da awa ɗaya, ba a kuma mayar da shi ba har yau. 'Yan uwanmu mazauna Sudan sun san cewa can sai hantsi ya dubi ludayi ake karin kumallo, a ci na rana wajen la'asar, na dare kuma sai dare ya yi sosai. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Akwai gaskiya ɗaya a maganar, ba zan ɓoye ta ba. Likitoci na ba da shawarar a bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin ci da kwanciya, musamman ga mai fama da ƙwannafi, domin in an kwanta da cikakken ciki ruwan tsamin ciki kan hauro maƙogwaro. Saboda haka saurayin da ke tsayawa wajen mai shayi ƙarfe 12, ya narki indomi da ƙwai da tsire ya wuce gado, shi ya kamata a ja wa kunne. Mai ciwon suga kuma ya bi tsarin da likitansa ya ba shi.

Laifina da na abokan aikina shi ne muna karanta irin wannan saƙo a iska ba tare da mun tambayi inda aka rubuta shi ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Amsar da na ba baiwar Allah nan ita ce: ta zuba masa tuwonsa bayan isha'i, a rage malmala, a yi hira a tsakar gida kafin a shiga ɗaki.