NAZARI: Injin sassaƙa ƙarfe guda ɗaya da abin da yake tonawa game da manufar masana'antu ta Najeriya

Duk injin da ke aiki a Arewacin Najeriya, daga na casar shinkafa a Kura zuwa famfon ban ruwa a Kadawa da Adaidaita Sahun da ke yawo a titunan Kano, yana da ranar da wani ƙaramin ƙarfe a cikinsa zai cinye ko ya karye. Idan ranar ta zo, hanya biyu ce a gaban mai shi: ko ya nemo sabon ƙarfen da aka shigo da shi da dala, ko ya kai tsohon wurin wanda zai sassaƙa masa irinsa. Tun da darajar naira ta faɗi, hanya ta biyu ta ƙara farin jini. Wannan ne ya sa sayen injin sassaƙa ƙarfe a kafa ƙaramar maƙera ta zamani a gida ko a shago ya zama tunani mai ma'ana ga matashin da ya karanta aikin injiniya ko ya gama koyo a hannun maigidansa.

Sai dai wanda ya zauna ya yi lissafin sayen wannan inji zai tarar yana lissafin kusan dukkan manufofin tattalin arzikin ƙasar nan ne: canji, wuta, rance, kwastam, ilimin sana'a, har da tsaro.

Injunan da ke haifar da injuna

Injuna biyu ne ginshiƙin irin wannan maƙera. Na farko shi ne injin sassaƙa, wanda yake riƙe ƙarfe yana juya shi da gudu, bakin yanka yana fere shi har ya fito da siffar zagaye. Da shi ake yin sandar da ke juya fanka ko famfo, da mazaunin boris, da zaren noti da sukuru. Na biyu shi ne injin milin, wanda bai da alaƙa da injin niƙa. A nan bakin yankan ne ke juyawa, ƙarfen kuma yana ɗaure a kan teburin da ake matsawa gaba da baya da gefe. Da shi ake daidaita fuskar ƙarfe, a fitar da kwarmi, a yanka haƙoran giya.

Mai walda yana haɗa ƙarfe da ƙarfe, amma idonsa ne ma'auninsa. Mai sassaƙa kuwa yana aiki da ma'aunin da ke gane kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Wannan bambanci ne ke raba ƙofar ƙarfe da injin da zai yi shekara yana juyawa bai yi zafi ba. Shi ya sa masana tarihin masana'antu ke kiran waɗannan injuna uwayen injuna, kuma suke danganta bunƙasar Ingila da injin yanka zaren sukuru da Henry Maudslay ya inganta a Landan wajen shekarar 1800. A yau Sin da Jamus da Japan ne kan gaba wajen ƙera su.

Canji ya ninka farashi sau uku

Kusan duk injin da matashi zai samu a kasuwa daga waje ya zo, ko sabo daga Sin da Indiya, ko na hannu daga Turai. Don haka farashinsa na dala ne ko da an faɗe shi da naira.

Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, farashin hukuma yana wajen naira 460 kan dala ɗaya. Zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. A ɗauka, a matsayin misali, injin dala 5,000 ne. A tsohon farashi naira miliyan 2.3 ke nan, a sabon kuwa miliyan 7.5, tun kafin a yi maganar jirgin ruwa da harajin kwastam da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 da kuɗin motar da za ta ɗauko shi daga Legas. Gaskiya ne cewa ƙaramin ɗan kasuwa bai cika samun dala a farashin hukuma ba ko a wancan lokaci, amma kwastam da farashin hukuma take lissafin harajinta, kuma a farkon 2024 wannan farashi ya yi ta sauyawa har mai kaya bai san abin da zai biya ba sai kayansa sun iso.

Sannan kuɗin inji rabin zance ne. Injin da ba shi da bakunan yanka da matsewa da ma'aunai tarin ƙarfe ne kawai, kuma masu sana'ar sun daɗe suna gargaɗin cewa waɗannan ƙananan kaya kan ci kuɗin da ya kusa na injin kansa. Su ma da dala ake sayen su, kuma bakin yanka yana cinyewa a kullum.

Rancen da bai kai ba

A jawabinsa na 31 ga Yulin 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da naira biliyan 75 da za a ranta wa ƙananan masu sana'a 100,000, kowa ya samu daga naira 500,000 zuwa miliyan ɗaya a kan ruwan kashi 9 cikin ɗari. A jawabin dai ya sanar da wasu biliyan 75 ga manyan masana'antu 75, kowace har biliyan ɗaya.

A duba tsakanin waɗannan tagogi biyu. Naira miliyan ɗaya a canjin 1,500 ba ta kai dala 700 ba. Za ta iya sayen ɗan injin tebur irin na masu sha'awa, wanda ba zai iya riƙe sandar tarakta ba. Biliyan ɗaya kuwa ta masu kamfani ce. Wanda yake buƙatar miliyan goma zuwa ashirin, wato ainihin mai maƙerar da za ta ɗauki yara biyar aiki, ba a yi tagarsa ba. Idan ya nufi bankin kasuwanci, ma'aunin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 a Nuwamban 2024, kuma bankuna a samansa suke ɗorawa. Injin sassaƙa yana iya yin shekara talatin yana aiki, amma a hankali yake mayar da kuɗinsa. Irin wannan kadara ba ta jituwa da rancen da ruwansa ya kusa kashi talatin.

A matakin jihohi kuma, rabon kayan tallafi ya tsaya a keken ɗinki da injin markaɗe da babur. Kayan suna da amfani, suna kuma da sauƙin jerawa a filin taro a ɗauki hoto. Amma kusan dukkansu daga waje aka shigo da su, kuma duk wanda ya lalace sai ya nemi mai sassaƙar da babu wanda ya tallafa masa.

Wuta: samuwarta ta fi farashinta muhimmanci

A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. An yi ta ƙorafi, kuma da dalili. Amma ga mai maƙera lissafin yana da wata fuska. Mota mai ƙarfin kilowat uku, idan ta yi awa takwas tana aiki iya ƙarfinta, yunit 24 za ta ci, wato naira 5,400 a farashin 225. Maƙerar da ke da aiki a hannu za ta iya ɗaukar wannan. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne rashin wutar.

Akasarin manyan injunan nan wuta mai layi uku suke buƙata, alhali gidaje da yawa layi ɗaya gare su. Akwai na'urar da ke juya layi ɗaya zuwa uku, amma ita ma ƙarin kuɗi ce. Kuma lokacin tayarwa, motar inji kan ja ninkin wutar da take ci a aiki sau biyar ko fiye, don haka ƙaramin janareta ba ya iya tayar da ita. Sai babba, mai cin man da farashinsa ya tashi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka zare, sau da yawa aikin ya lalace ke nan.

Arewa ta ga iyakar wannan matsala a Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir suka bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ke nan gwamnan da ke son masana'antu yana da hurumin sama wa unguwar masu sana'a keɓantacciyar wuta, kuma ba zai iya ci gaba da jingina komai ga Abuja ba.

An taɓa gwadawa

Shugabannin baya sun fahimci wannan batu. A 1979 aka sanya hannu kan kwangilar gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da Tarayyar Sobiyat. A 1980 aka kafa kamfanin ƙera injunan sassaƙa na ƙasa a Osogbo tare da kamfanin HMT na Indiya. An gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo. Tsarin a takarda ya haɗu: Ajaokuta ta narka, Osogbo ta ƙera inji, makarantu su horar da hannu.

Ajaokuta har yau ba ta fara narka ƙarfe daga ma'adini ba. Kamfanin Osogbo ya koma hannun 'yan kasuwa a 2007, kuma bai cike kasuwar ƙananan maƙeru ba. Kayan koyar da fasaha da aka shigo da su makarantun sakandare a shekarun 1980, ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4, da yawansu sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malami. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018 da manufar fifita kayan gida da aka amince da ita a Mayun 2025 duk suna cewa a sayi na gida. Ba su amsa tambayar da wane inji za a ƙera na gidan ba.

Gana ta bi wata hanya mai arha. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a tsakiyar Suwame, babbar unguwar makanikai ta birnin. Cibiyar ta taimaka wa masu sana'a suka mallaki injunan sassaƙa na hannu daga Ingila, ta koya musu aiki da su, daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa sauran yankuna a ƙarƙashin shirin GRATIS daga 1987. Darasin shi ne an kai inji da malami inda masu sana'a suke tun asali. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suna da irin wannan taron hannu.

Inuwar tsaro

Akwai abin da ba a cika faɗi ba. Injin da ke sassaƙa sandar famfo yana iya sassaƙa bututun bindiga, kuma jami'an tsaro sun sha sanar da gano wuraren ƙera makamai ba bisa ƙa'ida ba a sassan ƙasar nan. Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ba da izini ba, an kuma sanya hannu kan dokar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2024. Damuwar gaskiya ce. Amma idan aka amsa ta da zargin duk mai inji, za a kori masu gaskiya daga sana'ar, a bar ta ga waɗanda dama a ɓoye suke aiki. Rajista mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyin masu sana'a, da littafin rubuta aikin da aka karɓa, sun fi samame kare jama'a da kuma kare mai maƙera.

Ga wanda ya ƙudurta saye

Duk da haka wasu za su saya, kuma ya kamata su saya da ido buɗe. A fara da injin sassaƙa, domin mafi yawan gyaran da ake kawowa na zagaye ne. Milin ya biyo baya idan aiki ya kama. A injin hannu, gadon da ke kusa da kan inji shi ne ya fi cinyewa, kuma fenti ba ya gyara shi, don haka a sa a yanka ƙarfe a gaban mai saye a auna kansa da ƙarshensa. A duba farantin motar: wutar Najeriya mai bugu 50 ce, injin Amurka na bugu 60 zai yi gudu ƙasa da yadda aka rubuta. A tambaya ko injin yana yanka zaren milimita, domin tsoffin injunan Ingila na inci ne, sai da giya mai haƙora 127 suke juyawa zuwa milimita, kuma sau da yawa giyar ta ɓace. Injin milin irin na Bridgeport yana kusan tan ɗaya, yana buƙatar daɓen kankare da hanyar shigar da shi. A ƙarshe, babbar riga da hannu mai faɗi ba sa kusantar ƙarfe mai juyawa.

Tambayoyin da suka dace da 2027

'Yan takara za su dawo da alkawarin farfaɗo da Bompai da Sharaɗa da Challawa da Kakuri. Kafin a tafa musu, akwai tambayoyi huɗu masu amsa a lamba. Nawa ne iyakar rancen da za a ba mai maƙera, kuma za a karɓi injin kansa a matsayin jingina? Wace unguwar masu sana'a za a ba wuta mai layi uku, a wane wata? Injuna nawa ne ke aiki yau a kwalejojin fasaha na jihar, kuma za a buɗe su ga masu sana'a bayan an tashi darasi? Kashi nawa na gyaran taraktoci da famfunan gwamnati za a ba maƙerun cikin jiha?

Ɗan takarar da ya kasa amsa waɗannan bai shirya wa masana'antu ba, ko da kuwa ya ambaci kalmar sau ɗari a kan mumbari.