Wuta Ta Koma Bin Kuɗi: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

 A wannan watan zan ɗan ajiye maganar tarbiyya da muka saba, in ɗauko wata magana da ake ganin kamar ta maza ce, alhali kuwa mu ne muka fi kowa ɗanɗana kuɗarta, wato maganar wutar lantarki. Maigida yana fita tun safe. Ke ce ke wuni da zafin ɗaki, ke ce ke kallon naman miya yana lalacewa a firji, ke ce ke yi wa jariri fifita har hannu ya gaji, kuma idan kina sana'ar ƙanƙara ko zoɓo, jarinki ne ke narkewa.

Na san kin lura da wani abu a 'yan shekarun nan. Sai ki ga unguwa tana da wuta kusan dare da rana, amma da kin tsallaka titi, maƙwabtanta sai su wuni su kwana ba su ga ƙyallinta ba. Da yawanmu mukan ce ai akwai wani babban mutum ne a layin. Wani lokacin ba a rasa hakan, amma asalin abin tsari ne rubutacce, kuma shi ne hanyar da kamfanonin raba wuta suka ɗauka domin su bunƙasa. Idan kika gane tsarin, za ki san inda haƙƙinki yake, ki kuma san inda ba ki da bakin magana.

Har gobe yara “NEPA” suke kira idan an kawo wuta, amma NEPA ta daɗe da zama tarihi. An kafa ta a 1972, a 2005 aka yi dokar da ta mayar da ita PHCN, aka kuma tsattsaga ta gida 18: kamfanoni 6 masu samar da wuta, 1 mai dakonta a manyan wayoyi, sai 11 masu raba ta gida-gida. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 gwamnati ta miƙa mafi yawan masu rabawar ga 'yan kasuwa, ta sayar musu da kashi 60 cikin 100, ta riƙe 40. Wanda ya faɗo wa jihohin Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, kuma da shi zan fi kafa misali, duk da dai labarin na Kaduna da Jos da Yola bai yi nisa da nasa ba.

Abu na farko, shi wannan kamfani ba shi ke yin wutar ba. Ɗan sari ne. Ana samar da ita a madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, mafi yawanta kuma daga tashoshin gas da ke kudancin ƙasar, a yi dakonta zuwa Arewa, shi ya saro ya sayar miki. To, ki ƙaddara kina yin kunun aya roba 100 kullum. Wasu robobin suna yoyo tun kafin a kai bakin kasuwa, wasu yaran unguwa sun ɗauke ba ki sani ba, wasu kuma an sha bashi an ƙi biya. Da yamma kika ƙirga ciniki, kuɗin roba 60 da 'yan kai ne a hannunki, ga mai aya da mai sukari suna sallama a ƙofar gida. Haka kamfanonin nan suke. Tsofaffin wayoyi da taransifoma suna zubar da wuta a hanya, ana sata, ana kuma ƙin biya. Alƙaluman hukumar da ke sa musu ido, wato NERC, sun nuna a 2024 asarar da suke yi idan an haɗa su duka ta haura kashi ɗaya cikin uku.

Mai irin wannan ciniki ba ya daɗewa. Kamfanin Sahelian Power da ya sayi KEDCO a 2013 da rancen banki ya saya, kuma a Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe ragamarsa, tare da na Kaduna da na Benin, saboda bashin ya ƙi biyuwa. A 2023 wani kamfanin, Future Energies Africa, ya shigo a matsayin babban mai hannun jari. Duk wanda ya zuba kuɗinsa a irin wannan wuri kuwa, tambaya ɗaya ce a ransa: ta yaya abin zai girma har jari ya dawo da riba?

Da kunun aya ne, sai mu ce ki ƙara yawan robobi. To a nan gizo ke saƙa, domin kamfanin ba shi da ikon ƙara abin da ake ba shi. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wutar da babban layinta ke iya kaiwa ga jama'a ta shekara da shekaru tana yawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ita ce kamfanoni 11 ke rabawa. Tunda ba za a ƙara kaya ba, abin da ya rage shi ne a zaɓi wanda za a sayar wa. Kowace mai sana'a ta san wannan. Idan abin sayarwarki kaɗan ne, mai biya lakadan kike fara aika wa, ba mai cewa “a rubuta” ba.

Daga nan aka samo tsarin rukuni-rukuni da aka fara a 2020. An kasa layukan da ke ciyar da unguwanni, waɗanda ma'aikata ke kira fida, zuwa gida biyar. Rukunin A, wanda kowa ya fi sani da Band A, an yi masa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, sai E mai awa 4. Da farko tazarar farashin ba ta da yawa, don haka ba a damu ba. Sai ranar 3 ga Afrilun 2024 NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A daga kusan Naira 68 kowane yunit zuwa Naira 225, ta bar sauran inda suke da tallafin gwamnati. A watan Mayu an rage zuwa Naira 206.80, a Yuli kuma ya koma 209.50. Yunit 100 da ake saye Naira 6,800, dare ɗaya ya koma 22,500, a shekarar da aka yanke mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. A lokacin hukumar ta ce 'yan wannan rukuni kusan kashi 15 cikin 100 ne na masu shan wuta, amma su ke shan kusan kashi 40 na wutar.

Yanzu ki sa kanki a kujerar manajan kamfani. Yunit ɗaya ne a hannunki. Idan kin tura shi layin masana'antun Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ko unguwar da kowa ke da mita, za a biya ki da tsada kuma a kan kari. Idan kin tura shi layin da rabin gidajen ba su da mita, farashinsa ƙasa, cikon da gwamnati ta yi alƙawari ba ya zuwa da wuri, abin da aka rubuta ma sai an kai ruwa rana kafin a biya. Ina za ki tura? Shi ya sa gyaran waya da sabuwar taransifoma suka fi saurin isa layukan da ake son ɗagawa zuwa A, domin kowane layi da ya hau, kuɗin shigar kamfani ya ƙaru ba tare da an ƙara masa ko yunit ɗaya daga sama ba.

A takarda dabarar tana da ma'ana, ba zan ɓoye miki ba. Mai injin markaɗe ko mai walda da ke sayen fetur kullum zai gaya miki wutar rukunin A, duk tsadarta, ta fi janareta sauƙi. Masu kare tsarin kuma suna cewa ribar da aka samu a A da ita za a gyara sauran layuka. Inda nake da ja shi ne, ita wutar ba ta ƙaru ba, awa 20 ɗin wancan daga awannin wani aka yanko. Matar da ke ƙarshen gari, wadda ƙanƙara ce abincin marayunta, ita ce a ƙarshen layi, ita ce kuma ba ta da muryar da za a ji. Sannan akwai gidajen talakawa da suka wayi gari a rukunin A ba don sun nema ba, sai don layi ɗaya ya haɗa su da otal ko banki. Ba gida ake dubawa ba, layi ake dubawa.

Amma tsadar ta zo da sharaɗi, kuma wannan ne yawancinmu ba mu sani ba. Umarnin NERC na 2024 ya ce idan layin rukunin A ya yi kwana 7 a jere bai samu awanninsa ba, dole a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da abin da ake ba shi. To wa zai san awa nawa aka bayar in ba mai wuni a gida ba? Ki sami littafi na musamman, ki sa babbar 'yarki ta riƙa rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke. Rukuninku kuma yana jikin takardar bil ko rasitin katin da kuka saya. Idan maigida zai kai ƙorafi, da wannan littafi zai je, ba da faɗa ba. Ana fara kaiwa sashen ƙorafi na kamfanin a rubuce, idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC. Sai dai dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa tasu hukumar, irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓa tun 2024, don haka a fara tambayar wadda ke kula da jiharku.

Sai maganar mita, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan komai. A 2024 fiye da rabin masu rajista a ƙasar nan ba su da ita, kintace ake yi musu. Tun Fabrairun 2020 hukumar ta sa iyakar abin da za a iya rubuta wa marar mita, kuma a Fabrairun 2024 ta ci kamfanonin 11 tarar Naira biliyan 10.5 saboda sun tsallake iyakar. Wato tauye mudu a wannan harka ba zargi ba ne, an kama an hukunta. Haka nan hukumar ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya da waya aikin kamfani ne, ba na karo-karon unguwa ba. Idan larura ta sa jama'a za su yi, a yi da yarjejeniya a rubuce kan yadda za a mayar musu da kuɗinsu.

Wannan ne ke kawo tambayar da matan ajinmu na dare suka sha yi mini: “Malama, tunda su ma suna cutar mu, mene ne laifi idan an zagaye mita?” Abin da nake ce musu, ko ba a je ga hukuncin ɗaukar abin da ba naka ba, ku duba wa ake cuta. Kamfani yana auna abin da ya shiga layinku gaba ɗaya. Abin da mitoci ba su nuna ba, a kan marasa mita lissafinsa ke faɗawa, wato tsohuwar nan maƙwabciyarki mai ƙwai biyu da fanka ɗaya. Layin da asararsa ta yi yawa kuma shi ake fara mantawa idan wuta ta yi ƙaranci. Ban da gobarar da irin wannan jone-jone ke jawowa a gidan da yara ke kwance.

Idan kin samu mita, lissafin ya dawo hannunki. Tsohon ƙwai mai wat 100 yana cinye yunit ɗaya a awa 10, shi kuwa farin nan na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100. Masu cin kati su ne duk abin da ke yin zafi: hita, dutsen guga, da risho na lantarki, wanda mai wat 1,500 ke shan yunit ɗaya da rabi a awa guda. A farashin rukunin A na 2024, dafa wake awa biyu a kansa ya haura Naira 600. Fanka da talabijin da cajin waya ba su ne matsalarki ba, a daina yi wa yara tsawa a kansu.

Akwai wata ƙofar da kamfanin ke ƙoƙarin buɗewa, wato samun wutar da ba sai ta taso daga nesa ba. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da aka koma dogaro da shi ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu, 'yan rukunin A da 'yan E duka. Ranar da babu kaya, babu ciniki. Shi ya sa ake haɗa gwiwa da masu sola. A Zawaciki da ke ƙaramar hukumar Kumbotso akwai ƙaramar tasha mai megawat 1 da kamfanin Bagaja Renewables ya gina da haɗin gwiwar KEDCO, tana ba unguwar wutar rana, babban layi kuma ya cike sauran. A Kumbotson dai aka buɗe wata tashar sola ta gwamnati mai megawat 10 a Janairun 2023. Kaɗan ne ƙwarai idan aka duba girman Kano, kuma su ma irin waɗannan ayyuka inda ake biya suke fara sauka. Ga shi kuma kamfanin yana tsere da lokaci, domin duk mai hali da ya gaji ya kafa sola a rufin gidansa, an yi asarar irin mai sayen da aka gina dabarar a kansa.

Kafin fitowa ta gaba, ki nemi takardar bil ɗinku ko rasitin kati ki duba harafin da ke jiki, A ne ko C ko E, sannan ki gwada da awannin da kike gani. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba.