Ra'ayinmu: Daga Kwalejin Ƙaura zuwa injiniyancin muhalli

Yaron Kurya Madaro da ya gama sakandare, babbar makarantar da ta fi kusa da shi ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983. Can ma 'yan Shinkafi da Zurmi da yawa ke dosa. In ya kammala difloma ta ND cikin shekara biyu, ko dai ya yi shekarar koyon aiki ya dawo HND, ko ya yanki fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye, ya fara daga aji biyu a jami'a, kamar sashen albarkatun ruwa da injiniyancin muhalli na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Masu cewa ya zauna ya ƙarasa HND suna da hujja. Digirin injiniya shekara biyar ne. Mai difloma zai ƙara huɗu kan biyun da ya yi, shida ke nan, ban da yajin aikin malamai. Gurabe kaɗan ne, sai mai sakamako mai kyau. Ga kuɗin makaranta da na haya, ga hanyar Gusau zuwa Funtuwa da iyaye ba sa barci in ɗansu yana kanta. Lissafin jami'a kuma yakan ba wanda ya saba da aikin hannu wuya a shekarar farko.

Duk da haka mun fi karkata ga ya wuce jami'ar. Hukumar COREN mai digiri take yi wa rajistar injiniya, mai HND kuwa matakinsa daban. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke wariya tsakanin mai digiri da mai HND wajen ɗaukar aiki a 2021, bai zama doka ba. Sannan Zamfara ta san tsadar rashin masanan muhalli. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi magani, kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje kuwa sai da ƙwararru suka zo daga Amurka suka ja ragamar aikin. Haƙar ba ta tsaya ba, ga matsalar ruwan sha da hamada a arewacin jihar. Wanda ya riƙe na'urar awo a Ƙaura kafin ya shiga jami'a ya san ƙasar nan da mutanenta.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a bar ɗalibi yana lalube. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ƙananan kwalejoji da jami'o'i, ɗalibi ya san tun ranar farko darasin da za a karɓa masa. Ya kamata Kwalejin Ƙaura ta nemi irinta da jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, hukumomin NBTE da NUC masu kula da kwalejoji da jami'o'i su sa hannu, gwamnatin jiha kuma ta ware tallafin karatu ga masu difloma da suka samu gurbin.