Gargaɗi ga malaman tsangaya a kan gajiyar almajirai

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwana alarammomi na ƙasar Taura, tun daga Gujungu har Majiya, ina kiran ku ga wani al'amari wanda muke gani muna kau da kai. Idan damina ta kankama, gardi yakan yini a fadamar Kogin Haɗeja yana noman shinkafa, ya komo da magariba ya zauna gaban wuta da allonsa har dare ya raba, sa'an nan a tashe shi kafin asuba. Jiki ya yi lis, zuciya ta dushe, ya wanke allo yau, gobe ya nemi abin da ya haddace ya rasa. Mu kuwa sai mu ce ragwanci ne, mu ɗauko dorina.

Ku sani, likitoci sun tabbatar cewa a cikin barci hadda take kafuwa a ƙwaƙwalwa. Sun ce baligi yana bukatar sa'a 7 ko fiye, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 kuwa sa'a 9 zuwa 12. To, kolon da ya kwanta bayan tuwon dare ya huce, aka tashe shi zakara bai yi cara ba, sa'a nawa ya samu? Kowannenmu ya lissafa a tsangayarsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin da wasu samari suka samo wa kansu. Da goro ne da shayi mai kauri, yanzu ƙwaya ce, tiramol da 'yan'uwanta, wai don jiki ya daina jin gajiya. Gajiyar tana nan, kukanta kawai aka toshe, hankali kuma shi zai biya bashin. Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma babu dokar da za ta kwantar da yaro idan malaminsa ya ce tashi.

Ruwaya ta inganta cewa Salmanul Farisi ya sauka gidan Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, ya tarar da shi yana azumi da rana yana tsayuwa da dare. Ya ƙi cin abinci sai sun ci tare, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. Idan an rage wa sahabi nafila don jikinsa, ina ga yaron da iyayensa suka ba mu amana?

Magabatanmu sun ajiye mana hutun Alhamis da Juma'a, sai wasunmu suka mai da shi ranar gonar malam. A mai da wa yara hutunsu, su yi wanki, su yi aski, su yi wasa. A bar su su yi ƙailula bayan sun ci abinci, a ajiye randar ruwa mai tsabta kusa da inda ake karatu, musamman a bazara. Ranar da aka yi gayya, a taƙaita karatun dare. Malam ma haka, domin wanda ya kwana yana rubutu ba ya da haƙurin sauraron biyawa da safe, kuma yaro ne zai sha fushinsa.

Wanda kasala ta zauna masa tare da ciwon kai da zafin jiki, kada a ce masa ya daure. Ƙasarmu ƙasar fadama ce, sauro ya yi yawa cikinta. A kai shi asibiti a auna jininsa, a kuma ɗaura masa gidan sauro.

Wassalam.