Wa Zai Tsare Mai Tsaron Yara?

Jama'a, ku zo mu duba wani al'amari na ƙasar Ingila, inda ake ta yi mana kirarin adalci.

A shekarar 2000 wata yarinya 'yar shekara 8, Victoria Climbié, wadda aka kai Landan daga Kwaddibuwa, ta mutu da azabar masu riƙonta, alhali ma'aikatan Gwamnati da 'yan sanda da asibiti duk sun san da ita. Abin ya girgiza ƙasar. A 2004 aka yi doka, aka kafa Kwamishinan Yara, don ya zama bakin yaran da ba su da baki. Madalla. To, amma wa ke naɗa shi? Minista. Daga ina kuɗin ofishinsa ke fitowa? Daga ma'aikatar Minista. Aikin wa aka ce ya sa wa ido? Na Minista!

Ku 'yan kasuwa kun san wannan. In babban dillalin hatsi shi ya ɗauki mai duba mudu, shi ke biyansa, yaushe za a kama mudun dillali da tawaya?

Ba zato muke yi ba. A 2009 kwamitin Majalisar Wakilai ya yi wa Maggie Atkinson tambayoyi, ya ƙi amincewa da naɗinta, don yana shakkar ko za ta iya tsaya wa Minista. Minista Ed Balls ya toshe kunnensa, ya naɗa ta. Ba mu da faɗa da matar, faɗanmu da tsarin ne. Mene ne amfanin tara wakilan jama'a su yini suna tambaya, in ƙarshenta mutum ɗaya zai yi abin da ya ga dama?

Za su ce ai an gyara a 2014. I, an gyara wani abu. An ba Kwamishina aikin kare haƙƙin yara sosai, an yanka masa shekara 6 ba ƙari, don kada ya riƙa lallashi yana neman a maimaita masa. Amma igiyar naɗi da jakar kuɗi an bar su inda suke.

Kada kuma a ce abin ba ya yiwuwa. Ga Sikotland nan maƙwabciyarsu. Dokarsu ta 2003 ta sa Majalisa ce ke zaɓen Kwamishina, ita ke ba shi kuɗi, ba kuwa a tuɓe shi sai kashi biyu cikin uku na wakilai sun yarda.

Yaron da ke gidan marayu ko gidan horo ba shi da ƙuri'a. Saboda haka muna cewa a ba Majalisa ikon ƙin wanda Minista ya kawo, ƙi mai ƙarfin doka, ita kuma ta yanka wa ofishin kuɗinsa. Wakilai su kira Kwamishina gabansu kowace shekara, su kira Minista bayansa ya faɗi abin da ya yi da rahoton.